Yadda Allah Ya Kira Samuel Ajayi Crowther

Sau da yawa samari su kan tsaya bayan sujada su tambayi fasto yadda mutum zai sani ko Allah yana kiransa ya bar sana'arsa ya shiga aikin bishara ɗungum. Waɗansu suna jiran mafarki. Waɗansu suna so su ji murya da dare, kamar yadda yaron nan Sama'ila ya ji a Shilo. Akwai kuma waɗanda ba su tuna da kira ba sai ran da sakamakon jarrabawa ya fito bai yi kyau ba. Sabo da waɗannan duka, da iyayensu, da dattawan ekklisiya waɗanda su ke zaɓen wanda za a aika makarantar Littafi Mai-Tsarki, na ga ya kyautu a wannan wata mu duba labarin wani Sama'ila na ƙasarmu, watau Samuel Ajayi Crowther, baƙin mutum na fari da ya zama bishof cikin ekklisiyar Angilikan. Kowa ya san sunansa, amma kaɗan ne suka lura da tsawon lokacin da ya yi kafin a ɗora masa hannu, da kuma bakin waɗanda kiran ya fito.

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a wani gari a ƙasar Yarabawa, ana ce da shi Osogun. A zamanin nan mulkin Oyo yana rushewa, gari yana kai wa gari hari, kamun bayi kuwa ya zama sana'a. Wata safiya cikin shekara ta 1821, mata suna cikin dahuwa, sai mahara suka kewaye garin. Cikinsu akwai Yarabawan Oyo da Filani. Aka cuna wa gidaje wuta. Aka kama Ajayi da uwarsa da 'yan'uwansa mata biyu, aka sa musu igiya a wuya. Bai ƙara ganin ubansa ba. Da aka zo rabon ganima aka raba shi da uwa tasa.

Wanda ya same shi ya musanya shi da doki. Dokin bai gamshi mai-shi ba, aka warware ciniki, aka komo da yaron. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, kasuwa zuwa kasuwa, wani lokaci a ba da shi a karɓi taba, wani lokaci barasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa tsoron kada a sayar da shi ga Turawa ya sa ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa, amma bai iya ba. Abin da ya ke tsoro kuwa shi ya auku. A Ikko aka sayar da shi ga fataken Fotugal, aka sa masa sarƙa, aka loda shi cikin jirgi tare da bayi fiye da 180 za a haye teku da su. Ran 7 ga Afrilu, 1822, jirgin bai yi nisa da gaɓa ba, sai jiragen yaƙi na Ingila suka tare shi suka kama. Shugaban ɗaya daga cikin jiragen sunansa Henry Leeke. Ku riƙe sunan nan, za mu sāke gamuwa da shi.

Yaran ba su san an cece su ba. Da suka ga tulin harsashin igwa a kan jirgin yaƙi suka zaci kawunan 'yan'uwansu ne, da suka ga naman alade a rataye suka ce naman mutum ne. Sai da suka duba da kyau suka ga kofato, hankalinsu ya kwanta. Cikin watan Yuni na shekaran nan aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo.

SHEKARUN SALIYO

Tun 1807 Ingila ta hana mutanenta cinikin bayi, ta sa jiragenta suna gadin bakin teku. Bayin da aka ƙwato a kan kai su Saliyo a zaunar da su ƙauye ƙauye. A can sai ka iske Bayarabe da Banufe da Ibo da Bahaushe da Babarbare suna ɗiban ruwa a rafi ɗaya, ko wane da harshensa, ba mai-sa zuciyar ganin gida kuma. Mishan ta C.M.S. ce ta ke lura da makarantun ƙauyukan. Aka kai Ajayi ƙauyen Bathurst. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci. Wani malami mai-suna John Weeks ya koya masa aikin kafinta, matar Weeks kuwa tana cikin waɗanda suka koya masa baƙaƙe. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baptisma, ya ɗauki sunan wani fasto na Landan, Samuel Crowther, wanda ya ke cikin majalisar mishan. A 1826 aka tafi da shi Ingila ya yi 'yan watanni a makaranta. Da aka buɗe makarantar horon malamai ta Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari cikin littafin 'yan makaranta. Ya auri wata mai-suna Asano, ita ma 'yantacciyar baiwa ce da ta koyi karatu, sunanta na baptisma Susan. Sun yi zaman aure wajen shekara 50.

To, a nan ne na ke so mu dakata. In da labarin nan tatsuniya ce, da sai a ce yaron da aka tsamo daga jirgin bayi ya ga wahayi, ya tashi nan da nan ya koma ƙasarsu da Littafi a hannu. Ba haka aka yi ba. A 1837 ya rubuta labarin kamunsa da 'yantuwarsa. Ya gode wa Allah da ya juya ranar baƙin cikinsa ta zama ƙofar albarka, amma bai kafa hujja da mafarki ko wata murya ba. Abin da ya yi shi ne koyarwa. Ya koyar a ƙauyen Regent, ya koyar a Wellington, a 1834 aka komo da shi Fourah Bay ya koyar da na bayansa. Da safe yara, ran Lahadi manya masu-koyon karatu, da dare shi kansa yana fama da Helenanci a gaban fitila. Daga baptismarsa zuwa ran da aka naɗa shi, shekara 18 ke nan. Wanda ya taɓa riƙe aji na yara 40 cikin zafin bazara ya san aikin nan ba shi da kirari. Ba wanda ya ke zuwa kallonka. Amma a nan ne a ke sanin ko mutum yana zuwa a kan lokaci, ko yana da haƙuri da daƙiƙin yaro, ko kuɗin alli da aka ba shi ajiya yana nan yadda ya ke. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Ni dai a ganina shekarun nan su ne kiran, ko da ya ke shi bai san inda za su kai shi ba. Mu kan yi maganar aikin Ubangiji kamar sai ran da aka sa wa mutum farin wuya ya ke somawa. Ajayi ya riga ya yi shekaru yana cikinsa, albashinsa na malamin ƙauye.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin Kwara. Shawarar wani dattijo ce, Thomas Fowell Buxton, wanda ya ga gadin teku kaɗai ba zai kashe cinikin bayi ba, sai an shiga cikin ƙasa an yi alkawari da sarakuna, an kawo ciniki na halal da noma da bishara. Mishan ta ba da mutum biyu su bi jiragen. Ɗaya wani fasto ne Bajamushe, James Frederick Schön, wanda mu Hausawa ya kamata mu san shi, gama ya ba da yawancin ransa ga nazarin harshenmu, shi ne kuwa daga baya ya rubuta labarun da ya ji daga bakin Dorugu. Ɗayan shi ne Ajayi, don ya yi tafinta ya kuma lura da al'amuran mutanen bakin kogi.

Tafiyar ta zama makoki. An sayi fili a mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lakwaja ta ke yanzu, don a kafa gonar gwaji, jirgi ɗaya kuma ya kai har Egga a ƙasar Nufe. Amma zazzaɓi ya faɗa wa Turawan. A lokacin ba a san sauro ne ya ke kawo shi ba. Fiye da 40 suka mutu, jirage suka juyo da majinyata, a Ingila kuwa aka yi ta yi wa Buxton ba'a. Schön ya komo da abu biyu a ransa. Na ɗaya, in bishara za ta shiga cikin ƙasan nan, 'ya'yan ƙasa ne za su kai ta. Na biyu, ya zauna da Ajayi wata da watanni cikin jirgi mai-cike da cuta, ya ga yadda ya ke magana da sarakuna da talakawa, ya karanta abin da ya ke rubutawa kullum. Sai ya rubuta wa shugabannin mishan ya ce a kira mutumin nan Ingila a shirya shi a naɗa shi. A 1842 aka buga littafin tafiyar su biyu, mutanen Ingila suka karanta da idonsu irin hankalin malamin nan na Saliyo.

Ku lura, ba Ajayi ne ya tsaya ya ce shi ya isa ba. Wanda ya yi aiki tare da shi ne ya shaide shi. Haka mu ke gani cikin Ayyukan Manzanni sura 13: Barnaba da Shawulu suna cikin masu-koyarwa na Antakiya, suna bakin aikinsu, sa'an nan Ruhu Mai-Tsarki ya yi wa ekklisiya magana a keɓe su. Haka kuma Timoti cikin sura 16, 'yan'uwa na garuruwa biyu ne suka yi shaidarsa kafin Bulus ya ɗauke shi. Ajayi ya yi karatu a makarantar mishan ta Islington, ran 11 ga Yuni, 1843, Bishof na Landan ya ɗora masa hannu. A shekaran nan kuma aka buga littafinsa na kalmomin Yarabanci.

Akwai kuma wata murya da ta shiga cikin kiran, ita ce bukatar mutanensa. Tun wajen 1839 waɗansu Yarabawan Saliyo da suka yi arziki suka soma sayen jirage suna komawa Badagiri da Abekuta. Da suka isa suka ga ba makaranta, ba ɗakin sujada, suka yi ta aiko da saƙo a taimake su da malamai. Ga mutane suna kira, ga wanda ya san harshensu, ga ekklisiya ta yarda da shi. Bai bukaci wata alama kuma ba. A farkon 1845 ya sauka Badagiri da iyalinsa tare da Turawa biyu, Henry Townsend da Charles Gollmer. Sarkin Abekuta da ya gayyace su, Sodeke, ya rasu kafin su isa, hanya kuma ta rufe sabo da yaƙi. Suka yi shekara ɗaya da rabi suna jira, Ajayi yana wa'azi a gindin wani babban itace yana kuma juya Littafi. Sai cikin Agusta, 1846, suka shiga Abekuta.

Ba a yi wata guda ba aka kawo masa wata tsohuwa. Uwarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara 25. A 1848 aka yi mata baptisma cikin masu-bi na fari a garin, aka sa mata suna Hannatu, watau sunan uwar Sama'ila. Ta rayu har 1883.

AIKIN DA YA ƊAUKA

Ajayi bai raba wa'azi da taimakon jama'a ba, kuma ba wuya a gane dalili. Wanda aka taɓa musanyawa da doki ya san ba a gaya wa mutum Allah yana ƙaunarsa a bar shi a kasuwar bayi. A Abekuta suka ƙarfafa noman auduga, aka kawo injin gurza daga Ingila, domin mutane su sami abin sayarwa wanda ba ɗan adam ba. Ɗansa na fari ya koyi aikin magani ya riƙa duba marasa-lafiya a garin. A 1851 aka kira Ajayi Ingila ya bayyana wa manyan gwamnati yadda cinikin bayi ya ke tafiya a Ikko. Ya gana da Sarauniya Biktoriya da mijinta, ya nuna musu garuruwan a taswira, ya karanta musu Addu'ar Ubangiji da Yarabanci.

Amma babban aikinsa na shekarun nan harshe ne. Ya kan zauna wurin dattawa, da bokaye, da malaman Musulmi, yana kasa kunne ga kalmomin da su ke amfani da su in suna maganar Allah da zunubi da hadaya, yana rubutawa. Ba ya son Littafin ya fito da irin Yarabancin da ba a ji sai a gidan mishan. Ya kuma dage a sa alamun hawa da saukar murya bisa baƙaƙe. Mu da mu ke rubuta kukan yaro da itacen kuka da baƙaƙe iri ɗaya, mu bar mai-karatu ya fid da kansa, mun san amfanin abin da ya dage a kai. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, takardun kalmomi da karin magana da ya yi shekara 11 yana tarawa suka ƙone. Ya sāke somawa. Cikakken Littafi Mai-Tsarki na Yarabanci ya fito a 1884, aikinsa ne da na abokansa. Namu na Hausa bai fito ba sai 1932.

A 1854 ya sāke hawan kogi tare da Likita William Baikie. Wannan karo kowa yana shan kwinin kullum, suka shiga Binuwai suka yi nisa, suka komo ba wanda ya mutu. A 1857 suka koma, Ajayi ya sauke wani fasto ɗan Ibo na Saliyo, John Christopher Taylor, a Anaca, aka kafa mishan ta kogin Kwara, wadda ma'aikatanta duka baƙaƙen mutane ne. Jirginsu ya ci gaba, ya bugi dutse kusa da Jabba ya farfashe. Ajayi ya mai da zaman jiran nan makaranta, ya shiga koyon Nufanci, har daga baya ya buga littafin koyon karatu da na nahawun harshen. A 1862 aka yi wa masu-bi na fari baptisma a Gbebe, hayin Lakwaja.

Kira na biyu ya fi na fari nauyi. Magatakardan C.M.S. a Landan, Henry Venn, yana da ra'ayi cewa mishan kamar dangwarar gini ce, in soro ya tsaya sai a cire ta. Yana so ekklisiyar ko wace ƙasa ta ci da kanta, ta yi mulkin kanta, ta kai bishara da kanta. Sabo da haka ya ƙudura a naɗa Ajayi bishof. Townsend, abokin aikinsa na Abekuta, ya tsaya ya ƙi, yana cewa Turawa ba za su zauna ƙarƙashin baƙin mutum ba, mutanen ƙasa ma ba za su girmama wanda ya taɓa zama bawa ba. Ajayi kansa ya yi ta noƙewa. Ya san halin abokan aikinsa, bai kuwa taɓa neman girma ba. Venn ne ya yi ta roƙonsa har ya yarda. Ran 29 ga Yuni, 1864, aka keɓe shi a babbar majami'ar Kantabari, jami'ar Okusfod kuma ta ba shi digirin girmamawa. Cikin taron akwai Henry Leeke, wanda ya tsamo shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce, yanzu ya zama babban hafsan jiragen ruwa. Akwai kuma gwauruwar John Weeks, wadda ta koya masa baƙaƙe.

Sai dai an ba shi rawani an hana shi doki. Don kada ran su Townsend ya ɓaci, aka shirya abin yadda Turawan mishan na ƙasar Yarabawa ba su shiga hannunsa ba. Aka bar masa bakin kogi, daga teku har ƙasar Nufe, inda yawancin harsunan ba nasa ba ne. Kuɗi kaɗan, ma'aikata sai waɗanda ya samo daga Saliyo, jirgi kuwa sai ya roƙi 'yan kasuwa su ɗauke shi, gama mishan ba ta sami nata ba sai 1878. Duk da haka ya karɓa. Aka buɗe aiki a Boni da Baras da Lakwaja. A 1867 wani sarkin bakin kogi mai-suna Abokko ya kama shi da ɗansa Dandeson ya tsare su, yana neman kuɗin fansa mai-yawa. Ga bishof mai-furfura an sāke sa masa kuɗi kamar ran da ya ke yaro. Wani Bature, William Fell, ya zo daga Lakwaja ya kuɓutar da su, amma kibiya mai-dafi ta same shi ya mutu.

Abin da ya kamata mu da mu ke zaune cikin Musulmi mu duba da kyau shi ne zamansa da sarakuna. Cikin waɗanda suka ƙone garinsu akwai Musulmi, amma bai riƙe wannan a zuci ba. Ya yi abuta da Masaba, Sarkin Nufe na Bida, ya kan kai masa gaisuwa in ruwa ya kawo jirgi. Tun yana Saliyo ya gane gardama ba ta jawo kowa, sabo da haka ya bar ta. A 1872 ya biyo ta Ilori, sarki ya tara malamai aka yi masa tambayoyi a kan Yesu ɗan Maryamu da komowarsa. Bai zagi kowa ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba. Ko wace tambaya sai ya buɗe Littafi ya karanta wurin da ya amsa ta, aka rabu da mutunci. Daga baya, da barasar Turawa ta soma ɓata ƙasar Nufe, Sarki Maliki ya rasa wanda zai kai wa kuka sai bishof ɗin nan. Ya aika masa da takarda yana roƙonsa ya isar da magana wurin Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita. Sarkin Musulmi ba ya aika wa fasto irin wannan takarda sai ya daɗe yana auna shi.

ƘARSHEN KWANAKINSA

Venn ya rasu a 1873, iska kuwa ta juya. Kwinin ya sa Turawa sun iya zama a bakin kogi, 'yan kasuwarsu ba su son gasar mutanen Saliyo, ra'ayin raina baƙin mutum kuma ya yi ƙarfi a Turai. Aka soma kai ƙarar ma'aikatan bishof. Gaskiya ita ce ba dukan ƙarar ce ƙarya ba. Akwai waɗanda suka shagala da ciniki, akwai mashaya, a Anaca ma an sami ma'aikata biyu da suka yi wa wata yarinya dūkan da ya kashe ta, aka yi musu shari'a a Saliyo. Bishof yana zaune a Ikko, ba ya ganin tashoshinsa sai lokaci lokaci, kuma mutum ne mai-jinkirin hukunci, ba ya korar ma'aikaci bisa jita-jita sai an kawo shaida. Mai-yiwuwa ne sanyin hannunsa ya yi yawa. Amma waɗanda suka hana shi abin tafiya da abin biyan ma'aikatan kirki ba su ne ya kamata su fara jifa ba.

A 1890 waɗansu samari Turawa suka iso Lakwaja, shugabanninsu Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Ƙasar Hausa su ke nufi. Suka sa riga da rawani, suka shiga koyon harshenmu, suka ce a shirye su ke su mutu. Ba na shakkar himmarsu. Sun tabbata a ransu Allah ya kira su, tabbacin nan kuwa ya sa suka ga kowa bai kai ba. Brooke yana da shekara 25, bishof ya haura 80. Cikin Agusta, 1890, aka yi taron majalisar kuɗi ta mishan a Anaca. A gaban tsohon, magatakardan majalisar, F. N. Eden, ya dakatar da fastocin da bishof ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, aka kuma gaya masa baƙar magana. Kafin a gama, yawancin ma'aikatansa an kore su ko an dakatar da su. Ya ajiye shugabancin majalisar ya fita.

Ina roƙon saurayin da ya ke jin wuta a ƙirjinsa ya tsaya a nan ya yi tunani. A ɗakin nan na Anaca akwai masu-kira iri biyu. Ga waɗanda shaidarsu ta fito daga zuciyarsu, ba su kuwa ga bukatar su tambayi wanda ya riga su shekara 49 a kogin ba. Ga kuma wanda sau biyu waɗansu ne suka ce ya isa, shi yana ja da baya. Zafin zuciya abu ne mai-kyau, ba na so kowa ya rasa shi, amma a ranan nan ya rushe abin da bai gina ba. Tsohon kuwa, da ya ke ba shi ya naɗa kansa ba, bai ga yana da ikon tuɓe kansa don an ci mutuncinsa ba. Mutanen Ikko da Saliyo suka husata ƙwarai, waɗansu suka fita suka kafa ekklisiyoyin kansu. Da ya ɗaga yatsa da dubbai sun bi shi. Bai fita ba. Ya koma Boni ya ci gaba da aiki, yana shirya yadda ekklisiyoyin bakin teku za su riƙe kansu da kuɗinsu ba tare da sun rabu da 'yan'uwa ba.

Cikin 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Aka kai shi Ikko, ya rasu ran 31 ga Disamba, 1891. Robinson ya riga shi, ya mutu a Lakwaja cikin shekaran nan, Brooke kuma ya bi su a farkon 1892. Ba wanda ya kai ƙasar Hausa cikinsu. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiya ta nazarin Hausa a Ingila, ɗan'uwansa Charles ya zo Kano a 1894, daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa. A 1892 Dandeson ya buɗe ekklisiyar bakin teku mai-riƙe da kanta, yadda ubansa ya shirya.

Ba a ba baƙin mutum kujerar Ajayi ba. Aka naɗa Bature, Joseph Hill, ya mutu a farkon 1894, sai Herbert Tugwell ya gaje shi, shi ne wanda ya zo Kano a 1900 tare da Likita Miller. 'Yan ƙasa sai mataimaka a ke naɗa su, har shekara ta 1952 da aka ba Alexander Akinyele bishof na Ibadan. Jikan Ajayi ta wajen 'yarsa Abigail shi ne Herbert Macaulay, wanda ya yi fama don 'yancin Nijeriya. A 1976 aka kwashe ƙasusuwan bishof daga maƙabartar Ajele aka binne su a harabar babbar majami'ar Kristi da ke bakin ruwa a Ikko. A watan Yuni, 2014, da keɓewarsa ta cika shekara 150, aka yi sujada a Kantabari, Babban Bishof Justin Welby ya tsaya a majami'ar da aka ɗora wa Ajayi hannu, ya furta a gaban jama'a cewa ekklisiyar Ingila ta zalunce shi, ya nemi gafara.